Sigina na ɗaukewa kullum, busta zan saya ko dish zan canza?

Salam ƴan uwa, don Allah a taimaka min da shawara. Inda nake zaune can gefen inda siginar tauraron ke kaiwa ne, dish ɗina mai santimita 60 ne, ƙarfin sigina yana nuna 80 amma kwaliti da kyar yake kai 40, hoto sai ya riƙa daskarewa yana kakkaryewa, in kuwa hadari ya haɗo shikenan ko ruwa bai sauko ba ya ɗauke. Mai saiti ya zo sau biyu ba abin da ya canza. Wani ya ce in sa busta, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina.

Wa alaikumus salam. Malam kar ka ɓata kuɗinka a busta, abin da dish ya kamo shi take ƙarawa har da hayaniyar, sai dai in wayarka ta yi tsawo sosai. Kuma wannan 80 ɗin kar ya ruɗe ka, ko ka kau da dish gefe zai iya nuna hakan tunda LNB, wato ƴar na'urar gaban dish mai karɓar sigina, na aiki, kwaliti ake kallo.

Gaskiya ne. A gefe irin naka girman dish shi ne maganar, mai 90 yana tara sigina sama da ninki biyu na mai 60, in da hali ma ka tafi 120. Amma fa babba ya fi wuyar saiti, ɗan motsi kaɗan ya kauce, don haka ƙarfen da zai zauna kai ya tsaya cak kar iska ta riƙa girgiza shi.

Kafin ka sayi komai hau ka sassauta LNB ka murza shi a hankali hagu da dama wani na kallon kwaliti a talabijin, da yawa masu saiti ba sa kula da wannan. Ni nawa ashe ruwa ne ya shiga kan wayar ya yi tsatsa, na yanke na sa waya irin RG6 na naɗe da tef.

Maganar hadari kuma haƙuri za ka yi, haka Ku band yake, wato zangon siginar da ƙananan dish ke kamawa, babban dish rage ɗaukewar kawai zai yi. Wani zangon, C band, ne ruwa bai cika damu ba, shi kuma sai ƙaton dish.

Na gode ƙwarai. Na murza LNB ɗazu kwaliti ya hau 52, kan wayar ma duk ya yi kore. Zan canza waya tukuna in ga yadda zai yi kafin in nemi mai 90.