An ba ni manaja a gidan biredi amma ma'aikata sun rabu gida biyu

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema. Wata 3 ke nan da maigidanmu ya ɗora ni manaja a gidan biredin da nake aiki, mu 14 ne duka. Masu kwaɓi da gashi suna shiga bayan isha'i su kwana a kai, masu sa leda da direbobi kuma da asuba suke zuwa. Duk ran da shaguna suka dawo mana da biredi sai rigima ta tashi, 'yan dare su ce 'yan safe ne suka ɗaure shi da zafi ya yi gumi, 'yan safe su ce a'a kwaɓin ne bai tashi ba. Ga kuma dattijon da ke kula da tanda, shi ya koya min aikin nan da hannunsa, yanzu in na yi magana sai ya yi shiru ya juya min baya, kuma yaran shi suke bi. Na fara cire kuɗin asara daga albashin kowa sai abin ya ƙara lalacewa. Wallahi ko barci ba na iyawa.

Baba na Kara:
Wa alaikumussalam ɗana. Yankan albashin ga ka bar shi tun yau, wanda bai yi laihi ba in anka taɓa kuɗinai ba ya mantawa. Ni na daɗe ina shugabantar masu lodin albasa, kuma abin da ni gani shi na, mutane ba su bin muƙami, mutum suka bi. Dattijon ga ba ƙin ka ya kai ba, kunya ta, yaron da ya koya ma aiki yau shi ka ba shi umurni gaban yara. Ka tai gidanai ranar Juma'a bayan an sauko, ba wurin aiki ba, ka duƙa ka gaishe shi ka ce Baba aikin ga ya hi ƙarhina in ba ka kama min ba. Sannan ka bar mishi tanda gaba ɗai, yaushe za a sa, yaushe za a hidda, maganatai ta.

Maman Ilham:
Ƙanena ni ma'aikaciyar jinya ce, mu a asibiti 'yan dare ba sa tafiya sai sun miƙa wa 'yan safe aiki gado bayan gado, a rubuce. Ku kuma na lura mutanenka ba sa ma haɗuwa, to ta yaya ba za su zargi juna ba? Ka sayi littafi ɗaya, bayan sallar asuba ku tsaya minti 10 duka, buhun fulawa nawa aka kwaɓa, biredi nawa ya fito, ƙarfe nawa aka sauke tiren ƙarshe, wa ya karɓa. Kuma ka duba zancen gumin nan da kyau, daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana wuce digiri 40, biredin da aka ɗaure bai huce ba kwana kaɗan zai yi fumfuna, wataƙila ba laifin kowa ba ne, fanka da wurin shanya ne babu. In za ka yi wa mutum faɗa ka ja shi gefe, yabo ne ake yi a gaban jama'a.

Abu Sudais:
Duk na yarda amma kar ka yi laushi har a raina ka. Ayar da ta ce a yi shawara da su a Ali Imrana, ita ce ta ci gaba da cewa in ka ƙudurta ka dogara ga Allah, wato ka ji kowa amma kai za ka yanke. Tambaya ta, maigidan ya tara su ya faɗa da bakinsa cewa kai ne manaja? Kuma albashi yana fita kan lokaci?

Ɗan Mabera:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam Abu bai tara su ba gaskiya, a waya kawai ya gaya min, albashi kuma wani lokaci sai 10 ga wata. Gobe zan same shi kan waɗannan biyun da zancen fanka. Baba, in zan je gidan dattijon in tafi ni kaɗai ko in nemi wani babba ya raka ni?

Baba na Kara:
Kai kaɗai. Ka riƙa goro.