Neman kalma: me za mu kira lukosayit a darasin jinin kifi?

Malamar kiwon kifi: Assalamu alaikum. Ranar Litinin zan koyar da masu kiwon tarwaɗa yadda ake ware lukosayit, wato ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta, daga jinin kifi domin a duba lafiyarsa, kuma da Hausa zan yi darasin. Ana ɗibar jinin daga jijiyar wutsiya da allurar da aka sa wa hefarin don kada ya daskare, a ɗora shi a kan ruwan Percoll, wani ruwan gwaji mai raba ƙwayoyi bisa nauyinsu, a juya a inji har ya rabu hawa-hawa. Sunan ƙwayoyin nake nema, da kuma sunan aikin.

Mai fassara: Wa alaikumus salam, Malama. Fararen ƙwayoyin jini, shi ne abin da likitoci da gidajen rediyo suka saba faɗa. Sai dai ki kiyaye jerin kalmomin, domin idan kika ce ƙwayoyin farin jini, mai sauraro zai ɗauka maganin samun karɓuwa wurin jama'a kike nufi.

Dattijo malamin Hausa: Ni ban gamsu ba. Kalmar ƙwaya ta gaji: magani ƙwaya, kayan maye ƙwaya, hatsi ƙwaya. Na daɗe ina ba da shawarar dakarun jini, saboda sunan yana faɗin aikinsu, wato yaƙar cuta. Fari kuwa fassara ce kawai ta kalmar Girkanci leukos, kuma su kansu ba farare ba ne.

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Gaskiya ne, Baba, ba su da launi, shi ya sa muke rina su da Giemsa kafin mu bambanta su. Amma bayan juyi suna taruwa su yi siririn layi fari-fari a saman jajayen, kuma shi ɗalibi zai zuƙe da hannunsa, don haka farin yana da amfani a darasi. Akwai kuma abin da ya keɓanci kifi: jajayen ƙwayoyinsa suna da cibiya, wato nukiliya a tsakiyar ƙwayar, saɓanin na mutum, haka ma masu daskarar da jininsa, kuma waɗannan sukan biyo fararen cikin layin. Idan aka ce dakaru, da wane suna za a raba su da waɗannan baƙin?

Dattijo malamin Hausa: Ɗana, ku ma'aikatan gwaji kun fi kowa cika Hausa da aro, sannan ku ƙi kalmar da aka ƙera a gida. Harshen da ba ya haihuwa ai ba ya girma.

Mai fassara: Allah ya ƙara girma, Baba, babu wanda ya raina ƙira. Amma fari, ƙwaya da jini duk Hausa ne tsantsa, dakaru kuma an riga an ji makamancinsa a faɗakarwar kanjamau, inda ake cewa sojojin jiki, kuma mutane sun ɗauke shi kwatance, ba suna ba.

Malamar kiwon kifi: To aikin fa? Na yi tunanin tacewa.

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Tacewa tana buƙatar rariya, nan kuwa nauyi ne ke raba su, don haka warewa ta fi dacewa. Tacewa za ta yi miki aiki idan kika zo ƙodar gaba, wato sashen gaba na ƙodar kifi, wadda ita da saifa ke samar da jini tunda kifi ba shi da ɓargo irin namu, domin ita ana murza ta ne a kan raga kafin a juya.

Dattijo malamin Hausa: Na yarda da warewa. Sauran kuwa ki rubuta abin da suka ce, amma ina roƙon dakarun jini ya fito ko sau ɗaya a bayanin aikinsu.

Malamar kiwon kifi: Zai fito, Baba, na gode. Taken darasin ya zama ware fararen ƙwayoyin jinin kifi. Injin da ke juyawar ne har yanzu ba shi da suna, zan kira shi injin juyi zuwa Litinin.