Ƙwan dabbar zamanin dā ne ko dunƙulen dutse? Wanda ya taɓa gani ya faɗa

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena ya dawo daga ƙauye da wani dutse mulmulalle kamar ƙwan jimina, ya rantse ƙwan dinoso ne, wato dabbar nan ta zamanin dā da ta ɓace daga duniya. Har wani ya taya jika biyar. Ni dai raina bai kwanta ba, kuma ba na son mu sayar wa mutum abin da ba shi ba ne. Wanda ya taɓa riƙe na gaske a hannunsa, don Allah ya taimaka.

Magini daga Zango:
Wa alaikumus salam, Malam. Mun sha haƙo irinsa wajen tona rami. Ranar da na fasa ɗaya, sai na ga cikinsa zobe-zobe kamar albasa, ja da ruwan ƙasa, tsakiyar kuma yashi ne ya daskare. Abin da ya fi ruɗa ni shi ne wani zane baƙi a jikin falalen dutse, reshe da ƴan rassa, sai ka ce an manna ganyen tsamiya. Na kai shi gida na ajiye wata uku.

Malamar kimiyya, Mirya:
Baba magini, wancan zanen ma'adinin manganis ne. Ruwa ke bi ta tsagar dutse da shi, in ya bushe sai ya bar rassa. Ka shafa da yatsa: ba shi da kauri, ba jijiyar ganye a tsakiya, kuma a kan tsaga kawai yake. Na Ɗan Birni kuma ma'adini ne ya taru a kewayen wani ɗan ƙwaya har ya dunƙule. Ƙwai na gaske yana da ɓawo siriri mai kauri ɗaya ko'ina, da ƴan ƙofofi ƙanana.
Ni tambayar da nake fara yi wa ɗalibaina ita ce: a ina ka tsinta? Manyan duwatsun da ke cikin Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, giranit ne, narkakken dutse ne da ya huce a ƙarƙashin ƙasa. Babu halittar da za ta bar sawu a cikin wannan wuta. Burbushin halittu sai a dutsen da ya samu daga laka, yashi ko farar ƙasa, mai hawa-hawa.

Direban hanyar Tanut:
Gaskiyarki Malama. A Damargu na ga nawa. Mota ta lalace mana, muna jiran makanike, ina zaune sai na ga wani abu a nannaɗe kamar ƙahon rago, faɗinsa ya kai tafin hannu. Layukan jikinsa a jere suke, kowane zagaye ya fi na cikinsa girma, ba kuskure ko ɗaya. Da na duba gefe sai ga wasu, har da masu kama da ɓawon kawa. Daga baya aka ce mini amonit ne, halittar teku, domin teku ya taɓa rufe wurin shekara miliyan 90 da ƴan kai da suka wuce. Na daɗe ina kallon wannan busasshen fili ina tasbihi.

Dattijo, tsohon mazaunin Agadas:
Ƴaƴana, ƙashi kuma a karayarsa ake gane shi. Wajen Ingal an nuna mini guntu: bayansa sumul, cikinsa huji-huji kamar soso, ga nauyi fiye da ƙashin raƙumi nesa ba kusa ba. Wasu kan ɗora harshe, in ya ɗan kama sai su ce ƙashi ne, amma busasshen yumɓu ma yana kama harshe, kada ku dogara da wannan kaɗai. Wanda ya je Yamai ya shiga gidan tarihi na Bubu Hama ya ga ƙasusuwan da aka samo a hamadarmu. A Gadufawa, cikin hamadar, aka tono ƙasusuwan ƙaton kada mai suna Sarkosukus, mai shekara kusan miliyan 110. In idonka ya ga na gaske sau ɗaya, marmara ba ta ƙara ruɗinka.

Ɗan Birni:
Allah ya saka da alheri. Mun fasa shi yanzu a tsakar gida, albasar nan ce da Baba magini ya faɗa, ba ɓawo ba komai. Na kira mai tayin na gaya masa. Yaya direba, in ka sake bi ta wurin nan ka ɗauko mana hoto yadda suke a kwance a ƙasa, ƙanen nawa yana son gani.