Dogo Fari da Gajeriya Baƙa: Musayar Waƙa Kan Jaruman Littattafan Soyayya

Malama daga Fagge ta buɗe:

Tun shekarun 1980 da littattafan soyayya suka cika Kano da kasuwa,
Jarumi dogo ne fari, hancinsa kamar biro wajen miƙewa,
Budurwarsa fara ce sol, gashinta har gadon baya yake kwantawa,
To, Malam, gajere da baƙa fa, ko su alƙalami ba ya tunawa?

Malam daga Zariya ya amsa:

Malama, ki yi wa marubuci adalci, domin ido shi ne ƙofar gari,
Mai karatu ba ya ganin jarumi sai ta siffar da aka zana masa da fari,
Idan kyau ya kira shi ya shigo, hali ne zai zaunar da shi kan labari.

Malama ta mayar:

Na yarda ido ƙofa ne, Malam, amma me ya sa ƙofar ɗaya ce kullum?
Daga littafin haya har na WhatsApp da Wattpad, siffar ba ta sauya ba sam,
Ɗiyar yayata ta karanta har ta ɗauka baƙar fata ba a son ta,
Ta sayo man bilicin da kuɗin makarantarta, na same ta tana shafawa a fuskarta,
Na yi kuka ranar, wallahi, domin na san shafin da ya koya mata.
Hausawa sun ce so gamon jini ne, ba su ce gamon tsawo ba,
Sun ce gajere ba yaro ba ne, marubutanmu kuwa ba su ji ba.

Baba daga Katsina ya shigo:

'Ya'yana, ni a rediyo nake sauraro idan ana karantawa da dare,
Tsawon jarumi na manta shi tun kafin a kai ga tallan da ke tare,
Abin da ya zauna mini shi ne ranar da ya tsaya wa yarinyar da dangi suka ware.

Malam ya sake cewa:

Baba ya kayar da ni, Malama, na sauke hujjata a gabanki,
Sai dai ina roƙo, ki rubuta mana baƙar gajeriyar da hannunki,
Ki ba ta masoyin da zai haye Kwanar Dangora saboda ita, ni zan fara sayen littafinki.