Neman shawara: gamba ta shanye fili, ƙaramar taraktata tana nishi

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa manoma. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan tarakta. Muna da filin gado a kan hanyar Gezawa, zai kai eka biyar, damina biyu ke nan ba a noma shi ba saboda maganar rabo ba ta kammala ba. Yanzu an gama, Alhamdulillahi, ina so in share shi kafin kaka ta yi nisa. Gamba da kyasuwa ne suka cika shi, a wasu wuraren gambar ta shanye mutum a tsaye, ga tafasa ta gefen hanya. Taraktar da nake da ita ƙarama ce, Kubota da na saya ta hannu, mai ƙarfin doki 24, na ɗaura mata silasha, wato injin yankan ciyawa da ake ɗaurawa a bayan tarakta, mai faɗin ƙafa biyar. Da an kutsa cikin duhun ciyawar sai injin ya fara nishi, ya yi baƙin hayaƙi, in ba a taka kuloci ba ya mutu. Allurar zafi kuma tana hawa tun ba a kai ƙarshen layi ba. Direbana ya ce taraktar ce ta yi kaɗan, in ɗauko hayar babba. Kuɗin haya kuwa kun san yadda yake bana. Akwai dabarar da za ta sa ta yi aikin, ko in haƙura?

Tsohon direban tarakta, Kura:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka yi saurin ɗauko haya. Taraktarka za ta yi aikin, amma ba yadda yaronka yake tuƙa ta ba.

Fara da lissafi. Ƙa'idar da aka saba ita ce kowace ƙafa ɗaya ta faɗin silasha tana son ƙarfin doki kamar biyar a shaf ɗin baya, wato ƙarfen da ke fitowa daga bayan tarakta yana juya wuƙar silasha. Kuma 24 ɗin da ke rubuce na injin ne, abin da ke isa shaf bai kai haka ba, zai tsaya wajen 18 zuwa 20. Ka ga ke nan silashar da ta dace da ita mai ƙafa huɗu ce. Kai ka ba ta mai ƙafa biyar, sannan ka tura ta cikin gambar shekara biyu. Dole ta yi nishi.

Ba sai ka sayi wata ba. Ka sa ya riƙa cin rabin faɗi: rabin silashar a cikin ciyawa, rabi a inda aka riga aka yanke. Zagayen farko kuma a ɗaga ta sama, ta yanka a wajen gwiwar mutum, kar a nemi ƙasa. A bar abin da aka yanke ya sha rana kwana biyu ko uku, ya yi yaushi, sai a dawo a sauke ta a yi zagaye na biyu. Gamba a dunƙule take tsirowa, gindinta yana yin tudu mai tauri, in wuƙa ta dake shi tun zagayen farko za ka ji ƙugin har cikin sitiyari.

Sai maganar giya, a nan ne yaran yanzu suke kuskure. In sun ji injin ya yi nauyi sai su rage totur. Ba haka ake yi ba. Totur ya tsaya a inda mita ta nuna alamar 540, wato shaf yana juyi sau 540 a minti ɗaya, domin a wannan juyin aka ƙera wuƙar ta yi yanka. Tafiyar ake ragewa. A sa ta a ƙaramar giya, lamba ɗaya ko biyu, tafiyar da mutum zai iya bin ta a ƙafa ba tare da ya yi sauri ba. In ka ji muryar injin ta fara sauka, a tsaya cak a bar wuƙar ta kwashe abin da ta tara, muryar ta dawo, sannan a ci gaba. Kuma kar a fita da sassafe. Ciyawa mai raɓa tana cunkushewa a ƙarƙashin silasha. A jira hantsi.

Matashin manomi, Kumbotso:
Alhaji ni da za ka ji tawa, ka jira ta bushe ka cinna mata wuta kawai. Ba mai, ba wahala.

Tsohon direban tarakta, Kura:
A'a ɗana, kar ka ba shi wannan shawarar. Yanzu gero yana tsaye a gonakin maƙwabta, dawa da wake ba su ma nuna ba, nan gaba kaɗan kuma kowa zai tara karansa da harawarsa a gona. Wutar gamba in iska ta ɗauke ta babu mai tare ta. Rigimar da za ta biyo baya ta fi kuɗin mai nesa ba kusa ba. Ga shi ciyawar da aka yanke ta ruɓe a wurin taki ce ga ƙasar.

Bakanike, Ƙofar Ruwa:
Baba ya gama magana a kan tuƙi. Ni zafin nan zan taɓa, domin shi ne zai iya jawo maka asara babba. Yawancin lokaci ba ciwon inji ba ne, lagireto ne ya toshe. Kyasuwa a wannan watan ta fitar da kai, gashinta da 'ya'yanta suna tashi, fanka kuma tana zuƙo su. Buɗe bonet ka duba gaban lagireton, za ka tarar sun manne sun yi kamar bargo. Yawancin ƙananan Kubota suna da raga a gabansa da ake zarewa, a zare ta a kakkaɓe duk bayan rabin awa. In akwai iska ta masu faci, a hura daga ɓangaren fanka zuwa waje, ba daga gaba ba, in ba haka ba ƙara tura dattin ciki za a yi. Kar a soka waya ko sukundireba, haƙarƙarin lagireto ba shi da ƙwari. Kuma don Allah kar kowa ya buɗe murfin ruwa yana da zafi. Matatar iska ita ma a riƙa cirewa ana kakkaɓewa kullum, domin toshewarta na cikin abin da ke kawo baƙin hayaƙin nan.

Abu na biyu, ka duba inda shaf ya haɗu da akwatin giyar silashar. Akwai wani ƙaramin ƙarfe mai noti da ya ratsa wurin. Da gangan aka yi shi da taushi, don in wuƙa ta daki dutse ko kututture shi ya karye, giyar ta tsira. Sau da yawa ana kawo mana silasha an cire shi an cusa guntun rodi ko ƙarfe mai tauri saboda an gaji da canjawa, sai akwatin giya ya fashe, wani lokacin har ɓarnar ta shiga cikin taraktar. Ka sayi irinsa guda huɗu ko biyar ka ajiye a akwatin kayan aiki. A wasa wuƙaƙen, a duba man akwatin giya, a sa giris a gwiwoyin shaf. In gaban taraktar yana ɗagawa sa'ad da aka ɗaga silasha, a rataya mata nauyi a gaba.

Mai tambaya:
Na gode Baba, na gode Oga. Yanzu na kira yaron ya duba, ya ce ragar ba a ma ganin hudojinta. Allah Ya saka da alheri.

Hajiya mai kiwo, Ɗorayi:
Alhaji ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Eka biyar ta ciyawa za ka sa inji ya niƙe? Mu nan cikin gari da kuɗinmu muke neman ta, dami-dami ake kawo mana a amalanke da Keke Napep, in rani ya yi kuwa sai wanda ya gani. Silasha daddatsa ciyawa take yi, ba ta ɗauruwa balle a adana ta. Kyasuwar nan in aka yanke ta da lauje yanzu tana da sauran ɗanyenta aka shanya, abincin tumaki ne mai kyau. Gambar da ta ƙosa kuwa dabba ba ta cika son ta ba, amma masu saƙar zana suna nema. Ka yi magana da mutanen ƙauyen da ke kusa, ka ba su mako guda su kwashi abin da za su iya. Ko ba su biya ka ko sisi ba, sun rage wa taraktarka rabin aiki, ka kuma samu ladan maƙwabtaka. In za ka sayar, ni ma ina so.

Malamin gona, Hotoro:
Maganar Hajiya gaskiya ce, kuma tana da wani amfanin: masu lauje za su tona maka abin da ke ɓoye a filin. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a duk zancen. Filayen bayan gari irin na hanyar Gezawa ba a rasa su da ramin da aka haƙi ƙasar gini, ko tsohuwar rijiya, ko suri, ko simintin shaidar fuloti, ko bulo da wayar shinge da wani ya zubar. Ƙaramar tarakta ba ta da faɗi, taya ɗaya in ta faɗa rami ko ta hau suri tana iya kifewa. Kafin inji ya shiga, mutum biyu su bi filin da dogayen sanduna da takalmin roba mai tsawo, saboda macizai, duk inda suka ga wani abu su kafa kara su ɗaura masa leda mai launi. Inda ciyawar ta fi duhu, direba ya ɗaga silasha ya shiga da baya a hankali, sannan ya sauke ya fito.

Yara kuma, Alhaji, ka sa ido sosai. Da sun ji ƙarar tarakta za su taru. Wuƙar silasha tana cilla dutse da guntun ƙarfe da ƙarfin da zai iya kashe mutum, a kore su nesa, kamar tsawon filin ƙwallo. Kar a ɗauki kowa a kan madigadi. In waya ko igiya ta nannaɗe wuƙa, a kashe injin, a zare makulli, a jira ta daina juyi gaba ɗaya kafin hannu ya je wurin. Direba ya bar babbar riga da rawani a gida, shaf mai juyawa yana fizgar tufa. In aikin ya kai lokacin da ciyawa ta bushe, a riƙa share wadda ta taru kusa da salansa, a tafi da jarkar ruwa.

Sannan ka sani yanka ba ya kashe gamba, saiwarta tana nan, da ruwan farko za ta toho. In noma za ka yi baɗi, sai an bi da garma an tumɓuke gindin.

Mai tambaya:
Malam, wallahi ka tuna mini, mahaifinmu ya taɓa haƙa rijiya ta kusurwar gabas, ban san ko an cike ta ba. Gobe in sha Allahu zan je da yayana mu nemo ta kafin komai. Hajiya, zan ga mai unguwar wurin a kan masu yanka, in an fara ɗaurewa zan sanar da ke. Baba, zagaye na biyun a wane tsayi za a sauke ta?

Tsohon direban tarakta, Kura:
Kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, kar ta fi haka sauka saboda gindin gambar. Gaban silashar ya ɗan fi bayanta yin ƙasa kaɗan, kamar inci guda, don kar wuƙa ta riƙa yanka ciyawa ɗaya sau biyu. Da tayar baya ake daidaita wannan. Allah Ya sa a gama lafiya.