Manhajar da na yi wa shagon Alhaji ta zame min alaƙaƙai

Ɗan Fagge: Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara, kwana uku ke nan ban runtsa ba. Akwai wani Alhaji aminin mahaifina mai shagon kayan masarufi a kasuwar Singa, tun ina firamare nake zuwa wurinsa, har kuɗin jarrabawa ya taɓa biya min. Ya ce in haɗa masa manhajar lissafin kaya. Ni da abokina wata huɗu muna kai, duk abin da Alhaji ya turo ta saƙon murya mun saka. Da muka kai, yaran shago suka ce ba ta sayar da rabin kwali, ba a rage farashi in an yi ciniki, kuma babu wurin rubuta bashi. Sun koma littafinsu. Alhaji ya riƙe cikon kuɗi.

Injiniya: Ƙanena, ka tambayi mai biya, ka manta da mai dannawa. Tun 2001 da mutum 17 suka rubuta ƙa'idojin Agile, wato tsarin haɗa manhaja kaɗan-kaɗan ana tuntuɓar masu ita, ake wannan gargaɗin. Ka wuni a shagon ka ga yadda ake ciniki, sannan ka zaunar da Alhaji da babban yaronsa da abokinka tabarma ɗaya. Duk sati biyu ka nuna musu abin da aka yi.

Maman Biyu: Hmm, irin ta asibitinmu. Ba wanda ya tambaye mu, intanet na ɗaukewa komai ya tsaya, marasa lafiya na zaginmu.

Mai Kwamfuta: Wane zama kuma? Ka gama aikinka. Duk ƙari sai da sabon kuɗi, kuma a rubuce. Kun yi takarda?

Ɗan Fagge: Takarda da sa'an babana? Haba. Kuma Injiniya, Alhaji da bakinsa ya ce kada yara su iya taɓa farashi, yana zargin ana cin kuɗinsa.

Injiniya: Ka ga abin da zaman zai fito da shi. A ba babban yaro lambar sirri, ragi ya zama da iyaka, kowane ragi Alhaji ya gan shi da yamma.

Mai Kwamfuta: Kyauta?

Ɗan Fagge: Ni dai abin da aka ce na yi. Abokin nawa ma tun jiya ba ya ɗaga waya.