Me ke sa ƙaramar hukuma ta yi aiki ko ta zama fanko?

Malama Mai Alli:
Assalamu alaikum. Ina koyarwa a makarantar sakandare, kuma wannan zangon mun iso darasin ƙananan hukumomi. Abin da ke cikin littafi na san shi: su ne suka fi kusa da jama'a, su ke da alhakin kwashe shara, yashe kwata, kula da kasuwa da tashar mota, da rajistar haihuwa. To sai wata ɗalibata ta ɗaga hannu ta ce, Malama, in har su ne mafi kusa, me ya sa in kwata ta toshe babu wanda ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa? Ina so in koma mata da amsa mai nauyi, don yarinyar da gaske take. Ta yaya aka faro wannan tsari a duniya, kuma me ke sa ya yi aiki a wani wuri ya mutu a wani?

Tsohon Ma'aji:
Wa alaikumus salam Malama, Allah ya yi wa ɗalibarki albarka. A ofishin kuɗi na wata ƙaramar hukuma na yi aiki har na yi ritaya, don haka daga kan teburin ma'aji zan ba ki amsa.

Ki fara tambayar daga ina kuɗin ke shigowa. A teburina littattafai biyu ne. Ɗaya na kuɗin da muka tara da kanmu, kuɗin rumfa, lasisi, harajin gine-gine, kowane da guntun rasidinsa da mai karɓa ya yago ya bar mana kwafi. Ɗayan na kason da ake turowa daga sama. Na farkon siriri ne, na biyun shi ke biyan albashi. Idan wata ya kusa ƙarewa, ba mai leƙa littafin farko, kowa kunnensa na kan ko kason ya iso. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shugaban da albashin ma'aikatansa ke hannun na sama, na sama zai saurara, mai rumfar da kwata ta cika masa ƙofa kuwa sai ya jira.

Ingila ta taɓa shiga irin wannan hali. Kafin 1835, garuruwa da yawa wasu 'yan tsiraru ne ke riƙe da su, in ɗaya ya mutu sauran su naɗa wanda suke so, ba mai bincikar asusunsu. Dokar 1835 ta gyara garuruwa 178, ta ce masu biyan harajin gari su ne za su zaɓi kansiloli, kuma a riƙa binciken lissafin kuɗi. Bayan kusan shekara 40, Joseph Chamberlain ya zama magajin garin Birmingham daga 1873 zuwa 1876, ya sa majalisar gari ta saye kamfanonin gas da na ruwa. Ribar gas ta koma asusun gari, ruwa ya zama haƙƙin da mutum zai bi kansilansa a kai.

A Najeriya ma a kan kuɗin ake ta fama. Gyaran 1976 ya kawo tsari iri ɗaya a duk ƙasar a madadin En'e, yau akwai ƙananan hukumomi 774, amma kasonsu ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a biya su kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantoma. Na yi murna da hukuncin ƙwarai. Sai dai ko kuɗin sun zo kai tsaye, daga sama dai suka zo, littafin nan siriri yana nan yadda yake.

Ɗalibin Tarihi:
Baba Ma'aji, Allah ya ƙara girma, amma ina ganin kuɗi rabin maganar ne. Sauran rabin shi ne wa ke da ikon tuɓe shugaban. Faransa ta kafa hukumomin gari tun Disamba 1789, kowane ƙauye da nasa magajin gari, yau sun kai kusan 35,000. Duk da haka har zuwa 1982 wakilin gwamnatin tsakiya na iya tare shawarar majalisar gari kafin ta fara aiki. Birnin Paris kuwa ba shi da magajin gari daga 1871 har 1977, lokacin da aka zaɓi Jacques Chirac, saboda gwamnati na tsoron ƙarfin birnin.

Malama, ki kuma gaya wa ɗalibanki cewa kula da gari ba Turai ta faro shi ba. A biranen Musulmi na da akwai muhtasibi, wanda ke duba mudu da sikeli a kasuwa, ya hana a ci hanya da gini, ya sa a gyara bangon da ke shirin faɗowa kan masu wucewa. Naɗa shi ake yi, amma kowa a kasuwa ya san fuskarsa da inda yake zama.

Injiniyan Ruwa:
Ni fa zaɓe bai dame ni ba kamar iya aiki. Haussmann da ya shimfiɗa wa Paris manyan tituna da magudanan ruwa tsakanin 1853 da 1870, ba wanda ya zaɓe shi. A Amurka, bayan ambaliyar 1913, garin Dayton ya koma tsarin da kansiloli ke ɗauko ƙwararren manaja ya tafiyar da ayyuka, in ya gaza su sallame shi. Garuruwa da dama a can haka suke har yau.

Tsohon Ma'aji:
Injiniya, maganarka ta Dayton na karɓe ta hannu biyu, don na ga yadda ake damƙa sashen ayyuka ga wanda bai taɓa karanta taswirar gini ba, a haƙa kwata ruwa ya ƙi bi saboda ba a auna gangare ba. Amma ka lura, manajan nan zaɓaɓɓu ne ke sallamarsa. Haussmann kuwa ya rushe unguwannin talakawa, ya tura su bayan gari, ya bar birnin da tulin bashi, kuma waɗanda aka tasa ba su da inda za su kai kuka. Ni ba na son aikin da ake yi wa mutane ba tare da an tambaye su ba, komai kyansa.

Abin da ya fi burge ni shi ne na Porto Alegre a Brazil. Daga 1989 suka fara tara mutanen kowace unguwa su zauna su jera abin da suka fi buƙata, ruwa ne ko kwalta ko magudana, sannan a zuba wani kaso na kasafin gari bisa wannan jeri. Wanda ya zauna a irin wannan taro ya san nawa aka ware wa layinsu, ya san wanda zai tare in ba a yi ba. A iya shekarun da na yi a ofis, kasafin kuɗinmu a durowa yake kwana, ban ga mutumin gari ya shigo ya ce a nuna masa ba, kuma da ya zo da ba ni da hujjar hana shi.

Malama, ki raba ɗalibanki gida uku. Wasu su gano sunan kansilan mazaɓarsu da ranar da majalisa ke zama. Wasu su rubuta takarda a nemi kwafin kasafin bana, su ajiye kwafin takardar mai hatimin karɓa. Sauran su kwatanta abin da hukumar ta tara da kanta da abin da aka turo mata.

Malama Mai Alli:
Na gode Baba, Allah ya saka da alheri. Takardar neman kasafin, sunan wa za mu sa a kai, shugaban ko sakatare?

Tsohon Ma'aji:
Ki rubuta wa shugaban, ki ba sakatare da ma'aji kwafi, ki sa hannu a matsayinki na malamarsu. In mako biyu ya wuce shiru, ki aika ta biyu ki ambaci kwanan watan ta farko.